Kwana huɗu a layin dukawan Omdurman

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinkin takalmi a Ƙofar Wambai kafin Allah ya kai ni Sudan, tun yaƙin 2023 bai ɓarke ba. Washegarin saukata Khartoum na hau bas, muka ƙetare Nilu zuwa kasuwar Omdurman. Ban tambayi kowa layin dukawa ba, hancina ne ya kai ni. Warin jimar bagaruwa ne sak irin na majemar Kano, sai dai su garad suke ce mata.

Markub na je gani, rufaffen takalmin maza marar igiya da ake cika kwalliya da shi ranar Juma'a ko idi, bayan farar jallabiya da rawani. Na garin Fashir da ke Darfur ya fi suna, akwai kuma na fatar mesa mai tsada.

Ina cikin fama da ɗan Larabcina sai wani dattijo ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, daga Hausa kake?" Sai da tsigar jikina ta tashi. Ɗan Mai Wurno ne, garin da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Kakanninsa na cikin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa garau.

Ya ce in ciro takalmin ƙafata, wanda ni na yi shi. Ya lanƙwasa shi sau biyu, bakin tafin ya buɗe.

"Gam ne wannan. Rana ɗaya ta Omdurman ta ishe shi."

"Baba, to a koya mini."

Kwana huɗu na yi a kan tabarmarsa. Sai ya jiƙa ƙirgi ya yi laushi, ya huda da basilla, ya goga wa zare kaki, sannan ya ja kowane ɗinki har ya nutse cikin fata yadda ƙasa ba za ta ci shi ba. Yatsuna suka yi kanta, ya sa na warware ɗinki ɗaya sau uku.

Da na dawo Kano na rage gam, na koma ɗinkin hannu. Masu saye sun yi ƙorafin kuɗi da farko, yanzu su ke kawo 'yan'uwansu, har na ɗauki yara biyu. Tun da aka fara yaƙin Sudan lambar dattijon ba ta shiga. Basillar da ya ba ni da ita nake huda tafin kowane takalmi.