Litinin, 10 ga Fabrairu 2025: barcin da Kendrick ya cinye min

Da jajayen idanu na isa wurin aiki yau. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare ina ƙudundune cikin bargo, waya a hannu, ina jiran a tafi hutun rabin lokaci a wasan Super Bowl na New Orleans. Wannan ƙwallo ta Amurkawa da ake runguma a ƙirji a zura da gudu ban san kanta ba. Kendrick Lamar, mawaƙin rap na Amurka da zai yi waƙa a lokacin hutun, kawai nake jira.

Ana haska dandalin sai ga shi tsugune a kan baƙar mota, Buick GNX, wadda ya raɗa wa sabon kundin waƙoƙinsa sunanta, GNX. Ƙirar 1987 ce, shekarar da aka haife shi. Samuel L. Jackson ya fito cikin shigar Uncle Sam, dattijon nan mai wakiltar gwamnatin Amurka a zane-zane, yana ta yi masa faɗa, mawaƙiya SZA ta zo suka rera "luther", can kuma ga Serena Williams tana taka rawa. Duka-duka bai kai kwata ba aka gama, amma barci ya ƙi dawowa har aka kira assalatu.

Da safe muna shan koko ƙanina ya tsokane ni. Shi ɗan gani-kashe-nin Drake ne, mawaƙin da ke hamayya da Kendrick.

"Yaya, har yanzu kana kan wannan kundin? Abin da ko talla ba a yi masa ba."

Nan ya taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Gaskiya ne ranar Juma'a 22 ga Nuwamban bara ba wanda ya san da zuwansa. Wajen magariba a nan na ga wani ɗan bidiyo na minti ɗaya, kafin in gama tura wa abokai waƙoƙi 12 sun sauka. Amma a ce ba talla? Tun watan Maris na bara yake zambo da Drake, a Mayu ya saki "Not Like Us", a Satumba aka sanar shi ne zai hau dandalin Super Bowl. Wanda kasuwa ta riga ta cika a ƙofar gidansa me zai yi da mai shela? Makon farko kundin ya hau saman jadawalin cinikin kundaye na Billboard a Amurka da kwatankwacin kwafi 319,000, waƙoƙinsa kuma suka kwashe gurbi na ɗaya zuwa na biyar a jadawalin waƙoƙi. A makon jiya ya ɗauki kyautar Grammy biyar da "Not Like Us", waƙar da ma ba ta cikin kundin. Juma'ar da ta wuce, saura kwana biyu wasan, aka fito da kundin a CD da faifan garmaho har da kaset. Na ce masa wannan lissafi ne, ba dace ba ne. Ya taɓe baki ya ɗauke sauran ƙosan.

Da azahar, maimakon in ɗan runtsa, sai na koma karanta sharhin da aka yi a Nuwamba. Yawancin masu sharhi sun yaba, musamman yadda ya koma wa kiɗan garinsu Los Angeles ya kuma jawo ƙananan mawaƙan unguwanni. Pitchfork kuwa, shafin sharhin waƙoƙi, 6.6 cikin 10 suka ba shi. Lokacin na ji haushi kamar ni aka yi wa. Yau da na sake dubawa ban ji zafin ba sosai, don ni ma sauraren farko na ce wannan bai kama ƙafar tsohon kundinsa To Pimp a Butterfly ba. Cika baki ya yi yawa, tamkar ɗan damben da ya kayar da abokin karawa amma ya ƙi barin fage. Sai dai daren jiya na gane inda na yi kuskure. Na yi ta saurarensa ni kaɗai a ɗaki, alhali "squabble up" da "tv off" don taron jama'a aka yi su. Minti 44 ne na rawa da bugun ƙirji, ni kuma na zauna ina neman wa'azi.

Har yanzu "reincarnated" ce tawa, saboda muryar Deyra Barrera da ke buɗe ta da Sifaniyanci. Ita na saka a Keke da yamma, hazo ya rufe hanya, na kusa wuce layinmu don gyangyaɗi.

Ina shiga gida na ji wani a banɗaki yana kwarara ihun "Mustard!" na cikin "tv off" iyakar ƙarfinsa. Ƙanina ne. Ban ce masa komai ba tukuna, na bari sai gobe wajen koko.