Ruwan takarda ba ya fita da ƙarfin tuwo

Samari da dama a nan Damagaram suna tambayata game da injin da ke mayar da tsofaffin kwalaye da takardu su zama kwalin zuba ƙwai. Tambayar kusan ɗaya ce a bakin kowa: nawa ne kuɗinsa, kuma guda nawa yake fitarwa a awa? Suna da hujja. Masu kiwon kaji na neman kwalin, kayan aikin kuma ga su nan jibge a bayan shagunan Kasuwar Dole da na Zango, wasu ma ƙone su ake yi. Amma da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da ke raya wannan sana'a ko ya kashe ta, wato yadda ake raba ruwa da takarda. Ni ma da na fara ban tambaya ba, kuma jarina ya ji a jikinsa. Shi ya sa nake rubuta muku wannan, ƙannena.

Na koyi aikin ne a wata masana'antar kwali a Najeriya, inda na yi zaman yaron injin kafin in dawo gida in kafa ƙaramin wurina. A babban injin takarda, abin da ake zubawa a kan raga ba ya kama da takarda ko kaɗan. Ruwa ne tsululu, zaren da ke cikinsa, wato ƙananan silin da ke haɗuwa su zama takarda, bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, sau da yawa ma rabin haka. Ku yi lissafin da kanku. Kilo 1 na zare yana iyo cikin kilo 99 na ruwa. Lokacin da takardar za ta bar raga, zaren ya kai kusan kashi 20 cikin 100, ma'ana saura kilo 4 na ruwa. Kilo 95 sun tafi cikin ƴan daƙiƙu. Daga nan ta shiga wurin matsa, tsakanin manyan gangunan ƙarfe da bargo mai shan ruwa, ta fito da zare kashi 40 zuwa 50, saura kilo 1 da ɗoriya. Wannan ɗan ragowar shi ake busarwa da gangunan da tururi ke zafafawa, kuma shi ne ya fi cin kuɗi nesa ba kusa ba, domin mayar da kilo 1 na ruwa tururi yana cin fiye da rabin kilowat-awa na zafi. Masu masana'antu suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: in bushewar takarda ta ƙaru da kashi 1 a wurin matsa, tururin da ake kashewa yakan ragu da kusan kashi 4.

Tsarin nan tsoho ne. Wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya yi rajistar injin raga mai zagayawa a 1799, aka inganta shi a Ingila da kuɗin ƴan'uwan nan Fourdrinier, har yau da sunansu ake kiran injin. Sama da shekara 200 ke nan, amma jerin bai sauya ba: ruwa ya fara zuba da nauyinsa, sannan zuƙo mai sauƙi, sannan zuƙo mai ƙarfi, sannan matsa, wuta ta zo ƙarshe. A ƙarƙashin ragar akwai faifan da ke kankare ruwan da ya rataya, bayansu akwatunan zuƙo da ƙarfinsu ke ƙaruwa daga na farko zuwa na gaba, sai a ƙarshe wata ganga mai hudoji da akwatin zuƙo a cikinta. Na ga wannan jeri da idona kullum, amma ban tsaya na tambayi dalilin da ya sa akwatin farko ba ya zuƙa da ƙarfin na ƙarshe ba.

Injin kwalin ƙwai ƙanen wancan ne. Akwai mul mai siffar kwalin, an lulluɓe shi da raga mai ƙananan ido. Ya nitse cikin kunun takarda, wato takardar da aka niƙa aka dama da ruwa, famfon zuƙo ya ja ruwa ta bayansa, zaren ya manne a kan ragar. In ya fito daga kunun, zuƙon ya ci gaba na ɗan lokaci don iska ta ratsa ta kwashe ruwa. Duk da haka kwalin yakan sauka da ruwa kusan kashi 70 cikin 100.

Da kwalayena suka riƙa fitowa jagab, suna ɓarkewa a hannun yara kafin a kai su shanya, sai na yanke hukunci cewa famfona ne ƙarami. Na sayar da abin da bai kamata in sayar ba, na sayo babba. Injin wutata ya riƙa nishi, mai ya ƙaru, kwalin kuma bai gyaru ba. Ya ma ƙara wani ciwo: fuskar da ke jikin raga ta yi tauri, waje kuma na nan ruwa-ruwa, kauri bai daidaita ba.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. Famfon ba ya fizgo ruwa da wani ƙarfi nasa na kansa. Iskar da ke bayan ragar yake ragewa, sai nauyin iskar duniya ya danna ruwan daga ɗaya ɓangaren. Nauyin nan kuma yana da iyaka, kilofaskal 101 (ma'aunin matsin iska ke nan) a bakin teku, mu nan da muke sama da mita 400 bisa teku ya ɗan gaza haka. Ko ka kawo famfo mai girman ɗaki ba za ka wuce wannan ba. Aikin kwalin ƙwai ma kusan rabin wannan awon yake buƙata. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. In ka buɗe zuƙo da ƙarfi tun farko, zaren da ya fara isa raga sai ya danƙare, ƙananan ɓurɓushi su cike ƙofofin da ke tsakaninsa, ruwan da ke baya ya rasa hanya. Duk wanda ya taɓa kallon iyayenmu mata suna tatar gasara ya san wannan: in aka murɗe ƙyallen da ƙarfi tun farko sai ya toshe, amma in aka bar ruwan ya tsiyaye ana ɗan girgizawa, matsar ƙarshe ba ta da wuya. Dalilin jerin akwatunan babban injin ke nan. A ƙaramin injinku, ku nemi hanyar da zuƙon zai fara a hankali yayin da mul ke cikin kunu, ya kai ƙarfinsa bayan ya fito.

Da wani dattijon makaniki ya zo ya duba mini, bai ko taɓa famfon ba. Ya ce, "Yaro, ina agogon awonka?" Ba ni da shi. Ya sa aka ɗaura guda biyu, ɗaya a bakin famfo, ɗaya kusa da mul. Bambancin da ke tsakaninsu ya nuna inda ƙarfin ke zubewa. Tiyo ya tsage a wurin lanƙwasa, wata mahaɗa da na ɗaure da robar taya tana shan iska, kuma bututun da na sa siriri ne, ga tsawo, ga kwana-kwana. Babban famfon da na sayo iskar tsakar gida yake ta zuƙa. Kuɗin agogon nan biyu bai kai na man da nake ƙonawa a banza cikin mako ba. Kada ɗayanku ya kunna injin zuƙo babu agogo, kuma ku riƙa rubuta abin da ya nuna safe da rana a littafi. Ranar da allurar ta sauka, ku fara neman ɓula. Ranar da ta hau fiye da yadda ta saba amma kwali na fitowa da huji ko sirantaka, raga ce ta toshe.

Yanzu bari in daɗe a kan abin da ya shafe mu musamman, mu mutanen ƙasar zafi. Yawancin waɗannan injuna suna amfani da famfo mai zoben ruwa. A cikinsa akwai farfela da ba ta zauna a tsakiyar gidanta ba, ta ɗan karkata gefe. In tana juyawa sai ta watsa ruwa jikin bango ya zama zobe, gurbin da ke tsakanin fukafukanta ya riƙa buɗewa yana tsukewa, da haka yake shaƙar iska ya fitar. Ruwan nan shi ne ran famfon, kuma alƙaluman da masu ƙera shi ke rubutawa a takarda galibi an auna su ne da ruwa mai sanyin digiri 15. Ina za ka samu ruwan digiri 15 a Damagaram a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40? Ni kuwa tankina baƙin roba ne, a fili, kuma ruwan da ya fito daga famfo shi nake mayarwa ciki kai tsaye don tattali. Yana ƙara zafi a kowane zagaye. Ruwa mai zafi yana saurin zama tururi inda iska ta yi ƙaranci. A digiri 40 ƙarfin tururinsa ya ninka na digiri 15 fiye da sau huɗu. Tururin sai ya cike gurbin da ya kamata iska ta shiga. Shi ya sa aikin safe ke yin kyau, daga azahar kuma kwali ya fara jiƙewa, ni ina ta faɗa da yara cewa sun sauya haɗin kunu, alhali ba su da laifi. Wannan ya dame ni fiye da asarar kuɗin, domin na zargi mutane a kan abin da rashin sanina ya jawo.

In abin ya yi tsanani za ku ji ƙara a cikin famfon kamar ana juya tsakuwa. Kumfar tururi ce ke fashewa a jikin farfela, kuma tana cin ƙarfen a hankali. Kada ku saba da wannan ƙarar. Maganin ba mai tsada ba ne. A sa tankin a inuwa, in da hali a gina shi cikin ƙasa, ya zama babba don ruwan ya samu lokacin hucewa. A bar ruwan da ya fito ya zubo ta kan wani abu mai faɗi inda iska ke kaɗawa; busasshiyar iskarmu tana sanyaya ruwa sosai. A bazara kuma a fara aiki da asuba, a huta da tsakar rana.

Sai tukunyar raba ruwa da iska, wadda ke zama tsakanin mul da famfo. Ruwan da aka zuƙo ya sauka ƙasanta, iska ta wuce ta sama. Kada ku yarda a ce muku za a iya yi babu ita. Ruwan kunu yana ɗauke da zare da yashi, kuma kwalayen da muke tsintowa cike suke da ƙasa, da ƙusoshin maƙala takarda, da salatif. Duk wanda ya isa cikin famfo sai ya bar tabo. A tace kunun tun kafin ya shiga kwatarniyar mul, a bar yashi ya kwanta.

Ruwan da ke taruwa a tukunyar nan, mai launin fari-fari, da farko kwata nake sakar wa shi. A garin da ke zaune kan dutse, wanda ruwan shansa ke zuwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza, inda a bazara mata da yara ke kwana a layin famfo, wannan ba daidai ba ne ko da kuɗinka ka saya daga ƴan garuwa. Kuma asara ce biyu, domin farin da kuke gani zare ne da kuka riga kuka biya kuɗin niƙa shi. Manyan masana'antu suna mayar da wannan ruwa su sake dama sabon kunu da shi, mu ma haka ya kamata. Abin lura kawai shi ne in ya daɗe yana zagaye a cikin zafi yakan yi tsami da wari da yauƙi, yauƙin kuma na toshe raga. Saboda haka a riƙa rage wani kaso ana ƙara sabo, a wanke kwatarniya akai-akai. Kuma kada a haɗa shi da ruwan zoben famfo. Wancan tsabtatacce yake so.

Ragar mul a wanke ta da ruwa mai ƙarfi duk lokacin da aka tashi aiki, tun zaren bai bushe a kanta ba. Kada a kankare ta da ƙarfe.

Wani zai ce ai mu rana kyauta ce, me ya sa za mu damu da ragowar ruwa kamar masu biyan kuɗin tururi? Rana kyauta ce, amma filin shanya da faifan shanya da hannun da ke jera su ba kyauta ba ne. Kwalin da ya sauka da ruwa mai yawa yana daɗewa a fili, yana lotsawa, ƙwai ba ya zama daidai a cikinsa. A Yuli da Agusta hadari na iya tasowa kana da kaya a shimfiɗe, a lokacin hunturu kuma ƙura na manne wa jiƙaƙƙen kwali ta ɓata masa fuska. Duk ɗigon da zuƙo ya fitar a kan mul ya rage maka wannan fargaba.

In kun je sayen injin, ku tambayi mai sayarwa iska nawa famfon ke ja a minti, a kan wane awon zuƙo, da ruwa mai wane zafi aka auna. Ku tambayi ruwa nawa zoben ke sha a awa, ko tukunyar raba ruwa da agogon awo suna cikin kuɗin, da inda za ku samu ragar canji in ta yage. Ku nemi a kunna muku shi da irin kwalin da za ku riƙa samu a nan. Sannan ku ɗauki kwali ɗaya da ya sauko, ku auna shi a sikeli yana jiƙe, ku sake aunawa bayan ya bushe, ku rubuta bambancin kafin ku yi maganar farashi.