Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Keke a Kafaɗa

Makon jiya na tsaya a inda yaran shagona suka ja ni cikin maganar tseren keke. To ga yadda ta kaya.

Ƙaramin cikinsu ne ya fara nuna mini a waya: Turawan Beljiyam da Holan a tsakiyar hunturu, laka har gira, suna gudu da keke a kafaɗa. Saiklokuros suke ce wa abin. Da'ira ce da ba ta wuce kilomita 3 da rabi ba, a yi ta kewaya ta kusan awa guda, ga tudu, ga yashi, ga katako a gicciye sai an tsallake. Ya ce, "Maigida, wannan shi ne Van der Poel, ba a kamo shi." Na yi dariya. Ni da na tashi a unguwar Aboabo ta Kumasi, duk daminar da rafi ya cika ya cinye hanya haka nake saɓa keken Baba in ratsa ruwa har gwiwa. Ashe har kofi ake ba mutum a kan wannan!

Ranar Asabar bayan Asuba muka loda kekuna a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, muka bar Kumasi ta hanyar Kuntanase don mu gwada namu tseren. Wani manomin koko kusa da Tafkin Bosomtwe ya ara mana gefen gonarsa. Mu ashirin da 'yan kai ne. Da igiya da tsummoki aka shata hanya, benci biyu suka zama shinge. A dokar Turawa faɗin taya ba ya wuce milimita 33. Mu kuwa kowa da abin da Allah ya hore masa, har da mai tsohuwar Phoenix da kariyarta.

Ranar farko na sha kashi, kuma laifina ne. Shekara nawa ina faci da gyaran birki, amma na cika tayoyina da iska tam kamar zan hau kwalta. An kwana ana ruwa, jar ƙasar nan ta zama sabulu. A kwana ta biyu tayar gaba ta zame, na tafi da fuska cikin ganyen koko. Laka ta cushe tsakanin birki da taya har keken ya ƙi juyawa, sai da na karyo tsinke na yi ta sakace ta, yara suna wuce ni suna cewa, "Sannu Maigida!" Wannan sannun ta fi faɗuwar ciwo.

Da yamma muka gangara bakin tafki, aka sayo soyayyen kifi da shito. Ina kallon masunta zaune a kan falankin katako suna tuƙi da hannu, sai wani dattijo cikinmu ya matsa tayata da babban yatsa, ya girgiza kai. "Ƙanena, rage mata iska ta samu ta kama ƙasa. Kuma inda laka ta yi kauri kada ka yi gardama da ita, sauka ka ɗauka."

Lahadi na bi maganarsa. Na saki iska har taya tana lotsawa, keken ya daina rawa. Da muka zo tudun da ya gagari kowa, na zura hannu cikin firam, na ɗora a kafaɗar dama, na riƙe kan keken a ƙirji, ƙafata ta tuna Aboabo. Mutum huɗu na wuce a wurin, har da mai sannun jiya. Numfashi kamar zai fita, bakina duk ƙasa, amma dariya nake yi. Na bakwai na zo.

Bayan Magariba na shiga gida. Uwargida ta dubi rigar, ta dubi ƙujewar da ke kafaɗata, ta ce, "Malam, ba ɗaurin aure ka ce mini za ku ba?" Amsar da na ba ta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.