Ashe laifin ba na namijin kaɗai ba ne

Jama'a yau kam alhamdulillah, na gano bakin zaren fararen zomayen nan masu jan ido da suka hana ni sakat kusan shekara guda.

Waɗanda muke tare tun farko kun tuna baƙaƙe nake son tarawa zalla. Uwa baƙa, uba baƙi, haihuwar farko 'ya'ya 7 sai ga 2 farare tas. Haushi ya kwashe ni na ɗora wa namijin laifi, na sayar da shi da asara na sayo wani, kuɗin nan har yau yana min ciwo wallahi. Alhali farin nan ɓoyayye ne, ba ya fitowa sai ɗan ya karɓi c, ƙwayar gadon da ke kawo farin, daga uwa ya kuma karɓi c daga uba, wato ita ma uwar Cc ce, tana da C mai ba da launi da c ɗaya a ɓoye, tana zaune a keji tana kallona. Na san wannan a takarda fa, akwatin Punnett ɗin ma, jadawalin nan na lissafin abin da 'ya'ya za su gada, na zana shi ya fi a ƙirga, amma da abin ya zo gabana sai kaina ya toshe.

Da sabon namijin ba fari ko ɗaya, na ce shikenan an wuce wurin. Ina haɗa 'ya'yansu da juna sai ga shi ya dawo, don kusan rabinsu sun ɗauko c ɗin uwar, kuma ido ba ya rabe CC (marar c ko ɗaya) da Cc, duk baƙi ne.

Abin da ya fisshe ni shi ne barbarar gwaji. Na samo fari namiji, shi dai cc ne, wato c biyu, ba tantama, na haɗa shi da baƙaƙen mata biyu da nake son gwadawa, sai jiran kwana 31 ga cin abinci ba riba. Ta farko ta haifi 6, 3 farare, ta tonu cewa Cc ce. Ta biyu ta haifi 8 jiya, ba jan ido ko ɗaya! In da Cc ce, damar hakan 1 ce cikin 256, don haka ita zan riƙe.

In an haɗa Cc da Cc, ku daina jiran baƙi 3 fari 1 cif a haihuwa ɗaya, Mendel ma, wanda ya gano ƙa'idar gadon nan, sai da ya ƙirga tsiro 929 ya samu 705 masu fure mai launi da 224 masu farin fure. Saura namijin da zan haɗa ta da shi, shi ma sai ya bi ta hannun farar mace kafin na yarda da shi.