Wasiƙa daga Bronx: in Hajiya ta tsallaka iyakar jiha, wa zai biya mai kula da ita?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Duk muna lafiya, alhamdu lillahi. Na so in ba ku labarin sanyi da tsadar haya, amma tambayar da kuke ta aiko mini ta sha gabansu: wai da gaske ne a Amurka gwamnati na biyan mutum don ya kula da mahaifiyarsa?

Gaskiya ne, sai dai da sauran magana. Shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicaid ne ke biya, wanda aka kafa a 1965 domin masu ƙaramin ƙarfi. Gwamnatin tarayya da ta jiha ke haɗa kuɗin, amma kowace jiha ita ke tafiyar da nata, har sunan yakan bambanta, a California Medi-Cal suke cewa. Nan New York akwai tsarin CDPAP, inda tsoho ko mai naƙasa zai zaɓi wanda zai riƙa yi masa wanka da girki da ɗaga shi daga gado. Ɗansa ko 'yarsa za su iya, miji ko mata ba su iya ba. Sai ma'aikaciyar jinya ta duba halin da mutum yake ciki kafin a yanka masa awoyin da za a biya a mako. A haka ƙanwata ke kula da Hajiyarmu.

Inda gizo ke saƙar shi ne tafiya. A gida ka ɗauki tsohuwa daga Kano zuwa biki a Zariya, ta yi wata guda, ba mai tambayarka. Nan kuwa da ka haye gadar George Washington ka shiga New Jersey, ka fita daga jihar da ke biyanka. Dokar tarayya ta hana jiha cire mutum daga Medicaid don ya yi tafiya ta ɗan lokaci, muddin yana da niyyar dawowa, kuma in ciwon gaggawa ya kama shi a can, jiharsa ce za ta biya. To amma wanka da girki ba sa cikin gaggawa. Wannan ya rage ga ƙa'idar jiharka da kamfanin inshorar da ke riƙe da kai.

Ga kuma wayar hannu. Wata doka ta 2016 ta wajabta wa jihohi su riƙa tantance aikin ta na'ura, don haka ƙanwata takan danna manhaja da ta fara aiki da safe, ta sake dannawa in ta tashi, manhajar kuma tana rubuta lokaci da wurin da take. In aka ga ta danna daga Atlanta, can jihar Georgia, alhali ba a sanar ba, ana iya riƙe kuɗin awoyin, a ma fara zargin zamba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne neman izinin. Da za mu kai Hajiya sunan jikarta a wata jiha, na buga waya ofis, wannan ta ce ba komai, wancan ya ce sam ba ya yiwuwa, wata ta bar ni ina sauraron kiɗa har wayar ta katse. Ga tsohuwa zaune da jakarta a ɗaure tana tambaya ko an yarda. Ku ce a ba ku amsa a rubuce, da ranar tafiya da ta dawowa da adireshin masauki, kuma ku fara nema tun da sauran lokaci. Kada wani ya zuga ku ku yi sabuwar rajista a jihar da kuka je, ba a riƙe Medicaid a jihohi biyu lokaci ɗaya.

Fita ƙasar gaba ɗaya kuwa, kamar Umara ko zuwa gida azumi, Medicaid ba ya biyan hidimar da aka yi a waje. Wanda ke karɓar tallafin SSI kuma, wato kuɗin wata-wata da gwamnatin tarayya ke ba tsofaffi da masu naƙasa marasa ƙarfi, in ya yi kwana 30 a jere a waje za a tsayar, ba ya dawowa sai ya sake cika kwana 30 a cikin Amurka.

Masu shirin kawo iyaye su sani, tun dokar 1996 yawancin masu katin zama na dindindin sai sun jira shekara 5 kafin su samu Medicaid da kuɗin tarayya. New York tana ɗaukar wasu da kuɗinta, jihohi da yawa ba sa yi. Ku bincika jihar da ɗanku yake kafin a yanki tikiti.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.