Dare ɗaya a gonar gero da madubin Kawu

Kawuna na Maraɗi ya yi shekaru yana koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Da ya yi ritaya bai kama kiwon tumaki ba kamar tsararrakinsa, sai ya sayo tsohon madubin hangen taurari daga Faransa, gilashin kawai, ya sa kafinta da mai walda suka haɗa masa gangar jikin. Dangi sun daɗe suna yi masa tsiya a kai. A tsakiyar Janairu ya kira ni ya ce iska ta kwanta, hazo ya ja baya, wata kuma ya kusa ɓata, in ina son gani in taso.

Daga Damagaram na shiga mota, muka bi babbar hanya ta Takeita, Tasawa, Gazawa da Agye. Ba abin ba da labari sai ƙura da masu tallar rogo da ƙuli. Na sauka Maraɗi da azahar, ɗan kabu-kabu ya kai ni gida, na tarar Kawu ya riga ya ɗaure kaya a bayan wata akori-kura ta aro.

Na ɗauka arewa za mu nufa, hanyar Dakoro, tunda can ne aka fi ƙarancin fitilu. Kawu ya girgiza kai. "Ɗana, in muka yi arewa, hasken Maraɗi zai zauna mana a kudu, kuma abin da na kira ka dominsa a kudu yake." Sai muka koma gabas, muka saki babbar hanya a wajen Cadawa, muka kama hanyar Mayahi. A shingen jami'an tsaro sai da aka kwance tamfol, domin gaskiya bututun ya yi kama da igwa. Kawu ya sa babbansu ya leƙa ciki, ya ga fuskarsa ta yi faɗi a madubi, aka yi dariya aka sallame mu. A ƙauyen ma mun fara faɗuwa gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, taurari muka zo kallo a gonarka." Ya dube mu ya ce, "Na Maraɗi sun ƙare ne?" Amma ya haɗa mu da jikansa da tabarma.

Gonar fili ce fetal, an girbe gero, sai kututturan kara da gawo jefi-jefi. Madubin irin wanda ake kira Dobson ne, da sunan John Dobson, wani mutumin Amurka da ya yayata ƙirarsa mai arha: bututu a kan akwatin katako, kana juya shi da hannu, ba inji ba lantarki. Faɗin gilashinsa santimita 40. Kafin magariba Kawu ya buɗe shi ya sha iska, don gilashin da ya wuni cikin zafin mota yakan sa hoto ya yi ta rawa har sai ya huce. Ya kuma ɗauki lokaci yana murɗa kusoshi don daidaita babban madubi da ƙaramin da ke sama, saboda gargadar hanya ta gusar da su.

Tambayar da kowa ke yi ita na yi: sau nawa yake ƙara girman abu? Ya ce ba nan gizo ke saƙa ba. Aikin madubin tara haske ne, kamar yadda mai shanya babbar ƙwarya ya fi mai shanya ludayi samun ruwan sama. Ƙwayar ido a duhu ba ta cika wuce milimita 7 ba in ta buɗe, wannan gilashi kuwa yana tara abin da ya fi nata sau 3,000. Daga nan ya kafa doka: a kashe waya, ba tocila sai mai jan haske. Ido na buƙatar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu, leƙa waya sau ɗaya kuma ya isa ya mai da kai baya.

Bayan isha'i muka fara da Andromeda, wata galaksi, wato babban tarin taurari mai nisan gaske, tana gangarawa arewa maso yamma. Ko da ido kawai ana ganinta dishi-dishi, kuma masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta tun shekarar 964, ya kira ta ƙaramin gajimare. A madubi, gaskiya, da farko raina bai kwanta ba. Na saba da hotunan intanet masu shuɗi da ruwan ɗorawa, ga shi abin da ke gabana farin dusu-dusu ne mai haske a tsakiya. Kawu ya ce kada in zura mata ido, in kalli gefe kaɗan, saboda gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni, ko da yake ba ya rarrabe launi. Na bi maganarsa. A hankali wani baƙin layi ya fito a gefe ɗaya, ƙurar da ke cikinta ke nan, sai ga wasu ƙananan galaksi biyu kusa da ita. Haske na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma wanda ya shiga idona ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya.

Dattawa biyu sun iso da bargunansu, yara na biye. Su ba baƙin sama ba ne: sun nuna mana Kaza da 'ya'yanta a saman kai, ɗaya mai ilimin hisabi ya ce Surayya ke nan, ya kuma nuna Shi'ira, tauraro mafi haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Abin da ba su taɓa zato ba shi ne akwai wani abu a tsakankanin taurarin. Ƙarƙashin taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Orion, Kawu ya saita madubin a kan wani abu mai suna M42. Nan kam ba sai an lallaɓi ido ba. Gajimare ne na iskar gas mai fukafukai biyu, toka-toka da ɗan kore, a tsakiyarsa taurari huɗu a cure, sababbin haihuwa, su ne ke haska shi. Nisansa wajen shekarar haske 1,350, wato tafiyar da haske ke yi a cikin shekara 1,350. Ɗaya daga cikin dattawan ya daɗe a kan tsani yana leƙawa. Da ya ce abin yana gudu, Kawu ya ce, "Baba, mu ne ke juyawa." Tunda madubin ba shi da inji, kowane minti ɗaya ko biyu sai an ɗan tura shi.

Harafin M ɗin na Charles Messier ne, Bafaranshen da ke farautar taurari masu wutsiya. Waɗannan dusu-dusun suna ruɗa shi, sai ya jera su don ya riƙa kauce musu, ya fara buga jerin a 1774, yau guda 110 ne a ciki. Abin da ya ɗauka cikas shi ne ya tsare masa suna.

Tsakar dare sanyi ya sauko da gaske. Yara suka watse, muka yi ta shayi, na ɗan rintsa.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi Kawu ya tashe ni, bututun ya sunkuya kudu. Abin da ya kira ni dominsa ke nan, Omega Centauri. Ba ya cikin jerin Messier, domin daga Paris ba ya ɓullowa sam. Maraɗi kuwa tana wajen digiri 13.5 arewa da tsakiyar duniya, don haka yana hawa sama har kusan digiri 29 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Masanin taurari Edmond Halley sai da ya je tsibirin Saint Helena ya lura da shi a 1677. Dunƙulen taurari ne wajen miliyan 10, a nisan shekarar haske kusan 17,000. Na sa ido na ga ya cika fili gaba ɗaya, taurari ƙanana birjik, a gefe ana iya ware su ɗaya-ɗaya, a tsakiya sun cakuɗe sun zama haske guda. A ganina ya fi Andromeda nesa ba kusa ba, kuma hotonsa a waya bai kai shi ba. Ƙasa da shi ta dama ga taurari huɗun da ake kira Kuros na Kudu suna tsaye a kan gawo. Ko da sama ta yi wasai, a can ƙasa-ƙasa akwai sauran ƙura da ke rage musu haske. Kawu ya ce shi ya sa ya fi son ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, lokacin da ruwa ya wanke sama, sai dai a lokacin wannan dunƙule yana tare da rana, ba a ganinsa.

Bayan sallar asuba muka je sallama. Mai gari ya ji labari wurin dattawan, tambayarsa ɗaya ce: na'urar za ta iya nemo watan azumi? Kawu ya ce za ta iya taimakawa in an san inda za a duba, amma sai rana ta faɗi sarai, domin in aka yi kuskure madubi irin wannan ya kalli rana, ido ya tafi nan take. Mai gari ya ce to a dawo a ƙarshen Sha'aban, shi zai tanadi fura. Muka ɗaure tamfol sosai, don iskar gabas ta fara tashi, kafin mu hau kwalta hazo ya soma rufe hanya.