Katin da na hana ƙanena ya nuna wa likita

Ƙanena ya dawo Maraɗi daga Kano a tsakiyar watan Yulin 2023 da niyyar ya yi sati biyu ya koma wajen sana'arsa. Tari ne ya koro shi gida. Ya fi wata yana yin sa, da dare zufa ta jiƙe masa riga sharkaf, wandonsa kuma ya daina zama a ƙugu. Bai daɗe da sauka ba aka yi juyin mulki ranar 26 ga wata, aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta ɗauke. Sati biyun nan sai da ya zama wata takwas.

Ni kaɗai a gidanmu na san yana ɗauke da ƙwayar sida. Tun 2021 aka gano a Kano, aka ɗora shi kan ƙwayar nan guda ɗaya da ake sha kullum, wadda ake kira TLD, kuma ta karɓe shi sosai. Ya yi ƙiba, awon jininsa na ƙarshe ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta har ba a ganinta. Da zai taho ya zo da guzurin wata uku da katinsa na asibitin can.

Gwajin kaki bai ba mu wahala ba. An sa a na'urar GeneXpert, washegari aka ce tarin fuka ne, kuma ba mai bijire wa magani ba. Abin da ya faru a ƙofar asibitin kafin mu shiga karɓar magani shi ne har yau yake ci mini rai.

Na san ƙa'ida ce duk wanda aka samu da tarin fuka a yi masa tayin gwajin sida. Muna sauka daga kabu-kabu na hango wata maƙwabciyarmu zaune a kan benci ta kawo jikanta. Nan take na ja shi gefe na ce, "Kawo katin nan na Kano." Ya ba ni, na sa a aljihu. Na ce in sun yi maganar gwajin jini ya ce ba ya so, ya yi kwanan nan lafiya lau. Ya dube ni ya ce, "Yaya, a can fa sun ce duk likitan da zai ba ni magani in nuna masa." Na ce masa can daban, nan daban, nan garinmu ne, an kai kuɗin aurensa, Inna kuma tana fama da hawan jini. Ya yi shiru, don bai saba musu da ni ba. Ma'aikaciyar ta tambaye shi sau biyu, sau biyu ya ƙi, ta rubuta cewa ya ƙi, ta auna nauyinsa ta ba shi ƙwayoyinsa.

A lissafina, cuta biyu ce, kowace da maganinta, kowane magani zai bi hanyarsa. Malamin makaranta ne ni, na ɗauka na yi dabara.

Abin da na jahilta shi ne rifamfisin, wannan maganin tarin fuka da ke mayar da fitsari ja, yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Dolutegrabir, wanda shi ne ƙashin bayan TLD, yana cikinsu. Yawansa a jini yana faɗuwa ƙasa sosai. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda likitocin nan da na Najeriya duka ke aiki da ita, ta ce mai shan TLD in ya fara maganin tarin fuka a ƙara masa wata ƙwayar dolutegrabir mai miligiram 50, ya sha awa goma sha biyu bayan ta farko, kuma ya ci gaba da ita har sati biyu bayan ya gama rifamfisin, don hantar ba ta komawa daidai rana ɗaya. Ƙwaya ɗaya ƙarama, kyauta, tana nan cikin kabad ɗin asibitin da muke zuwa. Ba wanda zai ba shi, tunda na sa ya ce lafiyarsa lau.

Kuma ba ita kaɗai na hana shi ba. Duk mai tarin fuka da sida tare ana ba shi kotirimokzazol, wanda muka fi sani da Bactrim, kullum, don ya tare gudawa da ciwon huhu da sauran cututtukan da ke samun kafa in garkuwa ta yi rauni. Shi ma bai samu ba. Da ƙwayoyin tarin suka fara ƙona masa ciki, ni da hannuna na sayo masa farin ruwan maganin gyambon ciki, yana kurɓa tare da TLD ɗinsa da dare. Irin wannan ruwan yana kama dolutegrabir tun a hanji ya hana shi shiga jini. Da likita ya san abin da yake sha, da ya ce masa ya sha TLD awa biyu kafin ruwan, ko awa shida bayansa.

Sai guzurin Kano ya fara ƙarewa. Nan ne na gane na gudu gara na faɗa zago. Ba damar zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, masu bi ta daji a kan babur kuwa ba zan ɗora musu mutumin da ko tsayuwar sallah tana ba shi jiri ba. Ba damar kuma in je asibitin nan in ce a ba shi maganin sida, tunda a takardarsu ba shi da ita. Shi da kansa, ba tare da ya gaya mini ba, ya fara shan ƙwayar yau ya tsallake gobe don ta kai shi. Daga baya da na yi masa faɗa ya ce, "To Yaya, wa zan tambaya?" Ban sami amsar ba shi ba.

Wata biyun farko tarin ya yi sauƙi, gwajin kakinsa ya yi kyau, aka rage masa magani daga haɗin huɗu zuwa haɗin biyu. Ina ta murna. Amma nauyinsa ya ƙi hawa. A watan Nuwamba gudawa ta kama shi ta ƙi tsayawa, bakinsa ya yi fari fat har ba ya iya haɗiye kunu, ƙafafunsa suna masa kamar ana tsira allura. Ranar da ya faɗi a bayan gida muka kwashe shi sai asibiti.

Likitar da ta duba shi ta buɗe bakinsa ta haska, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kowa ya fita sai ni. Ta ce, "Malam, akwai abin da ba ku faɗa mana ba." Katin yana cikin jakata, wata uku ina yawo da shi. Na fito da shi na ajiye a kan teburinta. Ta karanta, ta duba ranar da ya fara maganin tari, ta ƙirga da yatsa. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce kawai, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da kun nuna mini wannan a watan Agusta, ƙwaya biyu zan ƙara masa ku tafi gida."

Cikin kwana biyu aka sake tabbatar da gwajin, aka buɗe masa fayil a nan, aka ba shi TLD iri ɗaya sak da ta Kano, da ƙarin ƙwayar, da Bactrim, da bitamin B6 saboda ƙafafun, don isoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin, shi ne ke taɓa jijiyoyi. Ko dala ba mu biya kuɗin waɗannan ba, domin maganin sida da na tarin fuka kyauta ne a Nijar. Abin da ya cinye ni kwanciyar asibiti ce, da ƙarin ruwa, da odonas na sauran magunguna, da abinci, har sai da na sayar da babur ɗina. Awon yawan ƙwayar cutar da aka yi masa ya dawo ya haura 1000 nesa ba kusa ba, alhali 1000 ɗin ita ce iyakar da ake cewa magani ya fara gazawa. Mutumin da ya shekara biyu ba a ganin ƙwayar a jininsa.

Wata ukun da muka yi muna jiran awo na biyu su ne mafi tsawo a rayuwata. Likitar ta bayyana mini cewa in ƙwayar ta koyi bijire wa dolutegrabir, sai an canja shi zuwa layi na biyu, kuma magungunan wannan layin sun fi rashin jituwa da rifamfisin, wani ba a haɗa su sam, wani sai an ninka. A waɗannan dararen na zauna da salula ina karanta abin da ya kamata in karanta tun farko.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin haɗa aikin cututtukan biyu, ta sabunta shi a 2012, kuma duk abin da ke ciki ya ginu ne kan abu ɗaya, wato likitan da ke kula da cuta ɗaya ya san da ɗayar. Mai tarin fuka a gwada shi sida. Mai sida duk zuwansa asibiti a tambaye shi tari, zazzaɓi, rama da zufar dare. In ba shi da ko ɗaya a ba shi rigakafin tarin fuka, ko isoniyazid na wata shida, ko haɗin da ake sha sau ɗaya a sati har sau goma sha biyu. Ashe ƙanena an ba shi na wata shidan a Kano, ya sha sati uku ya ajiye, wai ai ba ya tari. Wanda kuma aka gano masa cututtukan biyu lokaci guda, a da sai a jira har wata biyu kafin a fara masa maganin sida. Binciken da aka yi a Kambodiya da Afirka ta Kudu ya nuna jiran yana kashe masu raunin garkuwa, yanzu tun 2021 ƙa'idar ita ce a fara cikin sati biyu, sai fa in tarin ya hau ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, nan ne ake dakatawa aƙalla sati huɗu. A shekarar 2023 kaɗai, shekarar da nake yawo da katin nan, tarin fuka ya kashe masu ɗauke da sida kimanin 161,000 a duniya. Na daɗe ina kallon wannan lambar.

Wani aboki ma'aikacin lafiya ya so ya kwantar mini da hankali, ya ce wani ƙaramin bincike a Afirka ta Kudu da aka buga a 2023 ya nuna da yawa suna samun lafiya ko ba a ninka dolutegrabir ba. Gaskiya ne, amma waɗancan kullum suke shan maganinsu, a ƙarƙashin idon likita, ba sa tsallake rana, ba sa bin sa da ruwan gyambon ciki. Ƙa'idar kuma ba ta canja ba. Abubuwa uku ne suka taru a kan ƙanena, kuma dukansu daga aljihuna suka fito.

Duk da haka akwai abin da ke ba ni haushi, kuma zan faɗa. Najeriya tana cikin ƙasashe 30 da suka fi fama da haɗuwar cututtukan nan, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manyanta suna ɗauke da ƙwayar sida. Mu a Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, ba ma cikin jerin. Amma wanda ya san Maraɗi ya san rabin ƙafarmu tana Katsina da Kano. Ƴan ci-rani, direbobi, ƴan kasuwa, almajirai, matan aure, kullum cikin tsallakawa. Kowace ƙasa ta rubuta tsarinta kamar marar lafiyarta a wuri ɗaya yake zaune. Katin ƙanena da Turancin Ingilishi yake, fayil ɗinsa na nan da Faransanci, ba wata takarda guda da ke bin sa in ya tsallaka. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa in ya maƙale a gida zai iya shiga asibitin garinsu ya karɓi maganinsa. Sannan tambayar gwajin sida, wadda rayuwar mutum ke rataye a kanta, an yi masa ita ne a ɗakin da labule kawai ya raba shi da masu jira. Wannan bai wanke ni ba, don tun a ƙofa na yanke hukuncina. Amma da akwai ƙofar da ake rufewa, wataƙila da ya saɓa mini ya faɗi gaskiya, kuma da ya kyauta.

Yanzu in wani ya zo mini da maganar ɗan'uwansa, kuma sun fara zuwa a ɓoye, abu na farko da nake tambaya shi ne wane magani yake sha, kuma likitan tarin ya gani da idonsa? Ina ce musu su kwashe kwalaben duka a leda su kai, har na gargajiya, har na tsarin iyali in mace ce, don rifamfisin yana rage ƙarfin ƙwayoyin hana ɗaukar ciki da ashanar hannu. In suna tsoron ido, su ce wa likita suna son magana su kaɗai. Ni da na ƙi yin haka don kada maƙwabciya ɗaya ta ji, sai ga unguwa duka ta zo dubiya asibiti tana kallon yadda ya koma.

Awo na biyu ya fito a ƙarshen Fabrairun 2024. Ƙwayar ta sake kwantawa. Likitar ta miƙo mini takardar, na karanta sau uku, na fita bayan ginin na yi sujada a kan yashi. Ya gama maganin tarin a watan, ya ƙara sati biyunsa na ƙaramar ƙwayar, ni nake buga masa salula ƙarfe tara na safe kullum ko ina cikin aji.

Yarinyar da zai aura, shi ya gaya mata da bakinsa, a gaban likitar, ba da shawarata ba. Ta nemi a ba ta lokaci, kuma har yanzu maganar tana hannun manya.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris ya shirya komawa Kano. Likitar ta rubuta masa takardar bayanin duk abin da aka yi masa, na zauna na juya ta zuwa Ingilishi da taimakon wani abokin aikina, muka haɗa da katin Kano da na Maraɗi muka sa a leda ɗaya. A tasha na miƙa hannu zan riƙe masa ledar ya gyara kayansa. Ya ce, "Bar shi, Yaya, zan riƙe." Ya sa ta a aljihun gaban rigarsa ya shiga mota.